Baƙin Man da Hannuna Bai Yarda da Shi Ba

Wannan ba tatsuniya ba ce, saboda haka ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba. Ta riga ta zo, ta zauna, ta miƙe ƙafa. Ku dai ku aje wayoyin nan. Jiya na ji ɗayanku yana cewa juyen mai ba sana'a ba ce, wai a kwance noti, tsohon mai ya fita, a zuba sabo, shi ke nan. To madalla. Ni da na tsufa a ƙarƙashin motocin mutane a unguwar Jamaica ta birnin Turawan nan, har gobe akwai abin da ban gane ba a cikin aikin nan, kuma shi zan ba ku labari.

Mai na fara sani tun kafin in san mota. A garinmu, can wajen Ɗambatta, uwata man gyaɗa take yi, ni ma a cikinsa na tashi. A soya gyaɗa, a murje, a sheƙe, a kai niƙa, a dawo a zuba a turmi, ana juyawa da taɓarya ana yayyafa ruwan zafi, har man ya fara tsattsafowa kamar gumi a goshin manomi. Mai saye in ta zo ba ta tambaya. Yatsa take tsomawa, ta murza shi da babban yatsa. In man ya riƙe yatsa, ya ja zare kaɗan kafin ya saki, ta ce a auna mata. In ya sulale, ta goge hannu a zane ta wuce, kuma kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa gidan wance ana algus. Da wannan hannun na zo ƙasar nan. Mai na gaskiya yana da jiki. Haka aka koya mini, haka kuma na yi imani.

Garejin na kakanku ne, Allah ya jiƙan Malam, shi da abokin aikinsa Masta Iddirisu, mutumin Kumasi. Ɗan wuri ne a bayan layin jirgin ƙasa, mota biyu in sun shiga sai mutum ya bi ta gefe a karkace. Ni abinci nake kai musu da rana. Da bayan Malam ya ƙi, ya zamana ba ya iya kwanciya a ƙasa, sai na fara miƙa wa Masta kayan aiki. Da Malam ya rasu, na gama takaba, na koma na tsaya a bakin ƙofa. Masta ya dube ni ya ce, "Hajiya, kai ka zo kallo ne ko ka zo aiki?" Ku sani Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne. Na ce aiki. Ya miƙo mini rigar Malam ta aiki, na sa a kan zanena, na cusa hijabi a wuya.

Motar farko da na yi wa juye da hannuna, wata baƙar mota ce ta haya, ta dawo daga filin jirgi da zafinta. Masta ya ɗaga ta da jak, ya kafa mata ƙafafun ƙarfe, don jak kaɗai ba a ba shi amanar rai. Na kwanta a kan katako mai taya, na ja jiki na shiga. Ga sifana, ga kwanon tara mai, ga tsumma. Ya ce in notin ya saki, kar in zare shi, in danna shi sama da yatsa har sai zarensa ya ƙare, sannan in fizge hannu gefe. Na danna, na juya, na fizge, amma gefen da na fizga shi ne gefen da man ya zaɓa. Ya bi hannun riga har hammata. Masta bai yi dariya ba, sai da ya gama shan shayinsa ya ce, "Yanzu mota ya san ka." Daga nan ya nuna mini filta: a kwance tsohuwa da bel, a duba ko robarta ta biyo ta ko ta manne a jikin inji, a shafa wa robar sabuwa mai da yatsa, a ɗaure da hannu kawai, ba da ƙarfe ba. Duk wannan na iya shi da wuri. Aikin hannu bai taɓa ba ni tsoro ba.

Lambobin ne suka ba ni wuya. Kun san ban yi boko ba, amma lamba na san ta saboda agogo da waya. Kowane galan na baƙin mai yana da lamba biyu, a tsakaninsu akwai wani harafi mai kama da haƙoran zarto. Wani ashirin a gaba hamsin a baya. Wani biyar da talatin. Wani ma sifiri ne a gaba, ƙwai guda, sannan ashirin ko talatin. Masta ya ce ta gaba ta sanyi ce, ta baya ta zafi. Na ce mai ɗaya ne a galan, yaya zai yi hali biyu? Ya ce, "Kai dai ka riƙe wannan. Na gaba, in sanyi ya yi yawa, ka iya rage shi. Na baya kar ka taɓa, abin da mota ya rubuta a murfi shi za ka ba shi." Na ce to. Na riƙe maganar kamar yadda ake riƙe addu'ar da ba a san fassararta ba.

Sannan ga wanda suke kira sintetik, direbobinmu kuma suna ce masa man roba. Wai shi ƙera shi ake yi, ana daidaita shi, ba kamar wancan da ake tacewa kawai ba. Ranar da Masta ya fara buɗe galan ɗinsa a gabana, na tsoma yatsa na murza. Jikokina, da uwata ce ta matse wannan a turminta, da ta zubar a bayan gida kafin maƙwabta su gani. Ba jiki, ba zare. Na ce, "Masta, an cuce mu." Ya ce ba a cuce mu ba. Na ce to shi ya fi tsada kuma shi ya fi tsinkewa, wannan wace irin kasuwa ce? Ya ce kasuwar ƙasar sanyi.

Masu kawo mana mota yawancinsu namu ne. Mutanen Maraɗi, na Damagaram, na Kano, 'yan zango, duk masu jigilar filin jirgi. Kuma kusan kowannensu ya yi tuƙi a gida kafin ya zo, a tsohuwar mota, a rana mai narka kwalta. A can mai kauri shi ne gata. Injin da ya tsufa yana hayaƙi, a ba shi ashirin da hamsin, ya yi shiru. Da idonsu suka gani, ba labari aka ba su ba. To ka zo ka ce wa irin wannan mutum ga abu kamar ruwan shayi ka zuba a motar da yake ci da iyali da ita? Wasu sukan tsaya a kaina in ina zubawa, su tara yatsa a bakin mazurari, su murza, su dube ni. Ni kuwa ba na iya haɗa ido da su, domin abin da yatsansu ya faɗa musu shi nawa ya faɗa mini.

Shekarar da ta yi mana muni, da kaka magana ta fara. Wani ya ce man Hajiya Kulu, wato nawa, ruwa ne. Wani ya ƙara cewa tun da Malam ya rasu aka fara sirkawa. Magana ta bi layin jiran fasinja, ta shiga masallaci, ta fito. Motoci suka ja baya. Wasu suka koma sayen mai kauri da kansu, suna juyewa a bakin titi. Sai ga Masta an yi masa rasuwa, ya tafi Kumasi, ya bar ni da gareji da hita ɗaya mai ɗumama wuri. Sai sanyi ya sauko. Ba irin na kullum ba. Irin wanda in ka fita gashin hancinka ya daskare, ruwan alwala in ya ɗiga a bakin ƙofa kafin ka sallame ya zama dutse.

A cikin sanyin nan ne motar Alhaji Mamman ta ƙi tashi. Alhaji Mamman mutumin Damagaram ne, dattijo, ya yi shekaru yana tuƙa manyan motoci zuwa Agadas kafin ya zo nan, kuma in ya yi magana a kan inji sauran direbobi shiru suke yi. Matarsa Mariya ƙawata ce, tare muke zuwa karatun mata. Ciwon ƙoda ya kama ta, ƙafafu suka ƙi, ta koma kan keken marasa lafiya. Rana ɗaya a wanke mata jini a asibiti, rana ɗaya ta huta, haka rayuwarta take. Alhaji ya sayar da motarsa ta haya ya sayi wata doguwa, mai gadar ƙarfe a baya da ake tura keke a kai. A duk mutanenmu babu mai irinta. Motocin gari masu ɗaukar keke kuwa sai an nema tun da wuri, kuma in ƙanƙara ta zuba ba a sa musu rai. Wato in motar nan ba ta tashi ba, Mariya ba ta je wanki ba. In ba ta je ba, ruwa ya taru a jikinta, ya hau ƙirji. Sau ɗaya jiki yana iya haƙuri. Sau biyu a jere, sai abin da Allah ya yi.

Da safe aka kira ni, na bi titi da ƙafa, don layi kaɗan ne tsakaninmu. Tun daga nesa na hango maza a bayan mota, da manyan riguna a ƙarƙashin rigunan sanyi, suna turi. Alhaji yana ciki yana ihu, "Ku ƙara! Ku ƙara!" Suka tura ta har ƙarshen layi, suka turo ta baya. Motar kuwa otomatik ce. Ko zuwa can unguwar Bronx za ka tura ta ba za ta kama ba, kuma duk sun san haka, amma hannun da ya saba turi in mota ta ƙi, ba ya tsayawa ya yi tunani. Da na matso sai na ji ƙamshi. Turaren wuta, a tsakiyar ƙanƙara. Na sunkuya. Ga kaskon turaren Mariya a ƙarƙashin inji, cike da garwashi jawur, wani yana fifita shi da kwali.

Na ce, "Alhaji, mene ne wannan?"

Ya ce, "Haka muke yi a hanyar Agadas in dare ya yi sanyi. Man ya narke, mota ta tashi."

Na ce, "Mariya fa?"

Ya ce, "Tana ciki."

Tana ciki kuwa, a kan kekenta, an naɗe ta da barguna, idonta kawai ake gani. Wata mata a bene tana ta ihu da Turanci tana nuna waya. Ban san lokacin da na sa ƙafa na shuro kaskon nan ba, ya kife a ƙanƙara yana huci. Na ce tun da turi kuke so, ku tura ta gareji. Suka tura, Mariya a ciki, ni a gaba kamar mai jan amarya. Kafin mu isa lokacin wankinta ya wuce. Aka yi waya asibiti, suka ce sun ba ta wuri gobe da sassafe, amma kar ta kuskura ta rasa wannan.

Na rufe ƙofar gareji, na kunna hita na juya ta wajen inji, na sa batir a caji. Na zaro sandar awon mai. Abin da ya biyo ta bai ɗiga ba, tsayawa ya yi a jikinta kamar maɗi. Na ce wa Alhaji me ya zuba. Ya buɗe bayan mota ya ɗauko galan, ya aje a gabana kamar mai nuna ɗan da ya haifa. Ashirin da hamsin. Ya ce shi da kansa ya yi bidanji, wato juye a bakinsu, saboda motar ta tsufa, kuma motar da ke ɗaukar marar lafiya ba a ba ta ruwa. Na tsoma yatsa. Ku gafarce ni, mai ne. Ya riƙe, ya ja zare. Da a kasuwar garinmu ne da na ce a auna mini.

Na duba murfin inji, biyar da talatin. Na ɗauko na roba mai wannan lamba daga kanta. Alhaji ya tare bakin inji da tafin hannu.

Ya ce, "Hajiya, ina ganin girman Malam. Amma wannan ba zai shiga motata ba. Ki ɗumama nawa, ki ƙara wa batir wuta, mu tafi."

Na ce, "Gobe da asuba fa? A titi za ta kwana."

Ya ce, "To ta kwana a nan."

Na ce garejin nan in an kashe hita da yamma, da shi da titi uwarsu ɗaya, kuma mai gini ya hana a bar wuta a kunne ba kowa. Ban da haka, da me za a mai da Mariya gida?

Ya ce, "Ke kanki, tsakaninki da Allah, kin yarda da man nan?"

Na nemi Masta a waya, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, suna wurin makoki. Sai na yi abin da macen da ta taso a kan mai za ta yi. Na ɗauko kofunan shayi biyu, na zuba nasa a ɗaya, nawa a ɗaya, na kai waje na dasa su a ƙanƙara, tare da farantin da muke aje kofuna. Muka yi azahar. Muka sauko da Mariya kusa da hita, na dama mata ɗan kunu, ta kurɓa kaɗan don an hana ta ruwa da yawa. Sannan na shigo da kayan, na karkata faranti, na zuba cokali ɗaya na kowanne a sama.

Nawa ya gangaro, a hankali amma bai tsaya ba, har ya kai baki. Nasa ya zauna inda na sa shi, ya ɗan leƙo ƙasa kamar man shanu da sanyin safiya, ya fasa.

Na ɗago ido ina cewa a raina to ga shi. Sai Alhaji ya tafa hannu.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Kun gani da idonku? Nawa ya riƙe ƙarfe. Nata ya gudu ya bar shi tsirara. Wanne ne mai?"

Mazan da suka yi turi suka ce wallahi haka ne. Ni ma na sake duban farantin. Ai kuwa ya riƙe. Gwajin da na yi don in kare kaina sai ya zama shaidarsa, kuma ban ga inda ya yi ƙarya ba. Na tsaya da faranti a hannu, ban san gabas ba ban san yamma ba.

Mariya ce ta yi magana daga cikin bargo. Muryarta ba ta fita sosai, sai da aka yi tsit.

Ta ce, "Alhaji, kai a mota kake jira in mun je asibiti, ba ka shiga. Ni nake ganin na'urar. Jinina yana fita ta wani siririn tiyo, ya zaga, ya dawo. Kafin su kunna sai sun sa mini maganin da zai hana shi kauri. Ranar da ya yi kauri, na'ura kuka take yi ta tsaya, su zo a guje. Ban taɓa jin sun ce madalla, jinin Mariya ya riƙe tiyo ba."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye. Alhaji ya ce, "Mota ba mutum ba ce."

Ta ce, "To me ya sa kake ce mata tsohuwa, kana shafa mata kai?" Ta juyo gare ni. "Yaya Kulu, man nan daga ina yake tashi in an murɗa makulli?"

Na ce daga ƙasa, daga cikin kwanon inji, famfo ne yake tura shi sama ta ƙananan hanyoyi.

Ta ce, "To wanda ya zauna a faranti, wa zai kai shi sama?"

Amma ni da sauran abu a zuciyata, kuma shi ne tsoron Alhaji na gaskiya: in inji ya yi zafi fa? Abin da yake gudu a ƙanƙara, a wuta ai sai ya zama ruwa. Na dafa ruwa a butar shayi, na zuba a kwano, na tsoma kofunan biyu har suka yi zafi, na sake karkata faranti. Nawa ya ƙara tsinkewa, amma ba sosai ba. Nasa kuwa, mai jikin nan, mai zaren nan, sai ga shi ya saki jiki yana bin nawa a baya, tazararsu kaɗan. Na ce ikon Allah. To ina kaurin ya tafi? Wato wanda na raina shi ne mai hali kusan ɗaya a sanyi da zafi, wanda na girmama shi ne dutse da safe, ruwa da rana? Har yau in na tuna sai kaina ya juya.

Alhaji ya daɗe yana kallon faranti. Sannan ya sassauta murya ya ce, "To a yi sulhu. A zuba rabi nawa, rabi naki. Kowa ya samu."

Ban ɓoye muku ba, maganar ta yi mini daɗin ji. Amma a gidanmu ba a haɗa mai biyu a kwalba ɗaya, wannan shi ne ainihin algus ɗin da ake jifana da shi. Na ce, "Alhaji, ko naka zalla ko nawa zalla. Ban taɓa sirki ba, ba kuma zan fara a motar Mariya ba."

Mariya ta ce, "Zuba naki. Ni ce a cikin motar."

Ya janye hannunsa daga bakin inji, ya koma gefe ya zauna a kan taya.

Tsohon man ya daɗe yana fita, duk da ɗumin hita, yana saukowa kamar igiya. Na bar shi har ya koma ɗigo. Na canza filta, na ɗaure noti. Sai na tsaya a gaban kanta da galan biyu, ɗaya biyar da talatin, ɗaya sifiri da talatin. Masta ya ce ta gaba ana iya rage ta in sanyi ya yi yawa. Wannan sanyin shi ne mai yawan, ko akwai wanda ya fi shi? Wa zai gaya mini? Na ɗaga wannan na aje, na ɗaga wancan na aje. Ƙwan nan na gaba ya ba ni tsoro, kuma na san in Alhaji ya gan shi sai mun koma farko. Na ce mota ta fi ni sanin cikinta, na zuba abin da ke kan murfi. Aka murɗa makulli ta tashi. Alhaji ya ce, "A ɗaki mai ɗumi ko gawa ta yi motsi. Sai gobe." Gaskiya ya faɗa.

Da na idar da asuba ban tsaya lazimi ba, na naɗe fuska na fita. Sanyin ya fi na jiya. A hanya na wuce motocin mutanenmu, bonet a buɗe, masu su suna tsalle a wuri ɗaya suna hura hannu. Duk tafiyar nan abu ɗaya nake juyawa: da sifirin na zuba. Na tarar an riga an tura Mariya ciki. Fuskarta ta kumbura, tana numfashi da baki. Alhaji yana zaune a gaban sitiyari, makulli a hannu, bai sa ba. A gefen ƙafarsa na hango kaskon jiya, ya ɗauko shi ya wanke, ko da za a buƙata.

Ya ce, "Hajiya, kin zo ganin ruwanki?"

Na ce, "Na zo. Yi bisimilla."

Ya yi. Ya murɗa. Injin ya yi nishi sau ɗaya, mai nauyi, irin na tsohon da aka tasa daga barci. Ya sake. Sannan ya kama, ya yi tari, farin hayaƙi ya turnuƙe bayan mota, ya daidaita. Muka tsaya muna saurare, ni da shi, ko za mu ji ƙarfe yana cin ƙarfe. Ba mu ji ba. Alhaji bai dube ni ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki kaskon, ya miƙo mini ta taga, ya ce in riƙe wa Mariya, yana tare masa ƙafa. Mariya ta ɗaga yatsu biyu daga cikin bargo, ta murza su a iska, yadda masu sayen mai suke yi. Suka tafi. Ta samu wankinta.

Motoci sun dawo garejin a hankali, ba don an gane ba, sai don an ga ta Alhaji tana tashi. Shi kuwa har ya bar tuƙi bai fasa ba. Duk bazara sai ya zo ya ce, "Yanzu ai an yi zafi, a mayar mini da na gaskiya." Ni kuma in ce murfi bai canza ba. Ya ce murfi bai taɓa zuwa Agadas ba. Mu yi ta yi, sannan in zuba na roba yana tsaye yana girgiza kai. Da Masta ya dawo na ba shi labarin faranti, na ce ya fahimtar da ni yadda mai ɗaya yake da lamba biyu. Ya yi bayani har shayinsa ya huce. Na ce na gane, don ya samu ya sha.

To ku da kuke cewa a kwance noti a zuba, ga abin da zan bar muku. In sanyi ya kusa, ku duba murfi, ta baya kar ku taɓa, ta gaba kar ta wuce abin da aka rubuta, kuma ku nemi na roba. Ban ce na san dalilinsa duka ba. Ko makon jiya da babanku ya sayo galan a nan unguwar Tompkinsville zai yi wa motarsa juye, na ce ya kawo in gani. Na tsoma yatsa, na murza. Hannuna ya ce algus ne. Na goge shi a zane, na ce masa zuba.